Sanarwar kamfani a zauren masu rubuta manhaja: labari ne ko shara?

Injiniya Bashir: Salamu alaikum jama'a. Da safiyar nan an cire saƙon wani kamfani mai sayar da hidimar tura saƙon tes ta API, wato hanyar da manhaja ke kiran hidimar wata manhaja. Wasu sun ce cirewar zalunci ce, wasu kuma sun ce an ma yi jinkiri. Dokar zauren nan ta ce "ban da sifam", wato saƙon shara, amma ba ta fayyace mene ne sifam ɗin ba, shi ya sa kowane mai kula da zaure da irin hukuncin da yake yankewa. To ga tambaya: idan kamfani ya shigo ya sanar da sabon kayansa, ko sabuwar siga, ko ragin farashi, shi ke nan saƙonsa ya zama shara? In ba haka ba ne, ina iyakar take? Amsar da za a iya rubutawa a doka nake nema, ba "ni dai bai kwanta mini ba".

Usaini: Wa alaikumus salam Injiniya. Ni a wurina maganar ba ta da tsawo. Duk saƙon da ƙarshensa shi ne "ku zo ku biya", talla ce, kuma ba don talla aka tara mutane a nan ba. Mai son talla ya je Facebook ko Google ya biya kuɗinta. In aka buɗe ƙofa ko da kaɗan ne, cikin wata biyu tambayoyin kod za su nutse a ƙarƙashin fosta-fosta.

Malama Rabi: Malam Usaini, da wannan ma'aunin za mu goge abubuwan da ke ceton ayyukan mutane. A watan Agustan 2022 Heroku, kamfanin da ake ɗora manhajoji a kan sabarsa, ya sanar da cewa zai rufe tsarinsa na kyauta daga 28 ga Nuwamba na shekarar. Sanarwar kamfani ce, kuma ƙarshenta "ku koma tsarin biya" ne. Amma ɗalibin da ya ɗora aikinsa a can da rumbun bayanansa, in bai ji ba sai dai ya wayi gari shafinsa ba ya buɗewa. Haka GitHub, shafin ajiye kod, ya yi ta sanar da cewa daga 13 ga Agustan 2021 ba zai ƙara karɓar kalmar sirri wajen tura kod da git ba, sai da token ko makullin SSH. Wanda ya kawo wannan labari zaure taimako ya yi, ko da a ce ma'aikacin GitHub ne.

Usaini: Waɗannan ai gargaɗi ne ga masu amfani da kayan tun da farko. Daban suke da wanda ke farautar sabon kwastoma.

Malama Rabi: To ka ga har ka fara rarrabewa. Ke nan ba kasancewar saƙon daga kamfani ba ce matsalar.

Malam Nuhu: Wannan gardamar ta girmi mafi yawanku, kuma magabata sun bar abin da za a amfana da shi. Saƙon da ake lissafa shi a matsayin sifam na farko ma sanarwar kamfani ce tsantsa. Ranar 3 ga Mayun 1978 Gary Thuerk, jami'in talla na kamfanin DEC, ya aika wa mutum kusan 400 a kan ARPANET, hanyar sadarwar da ta gabaci intanet, gayyatar zuwa kallon sababbin kwamfutocin DECSYSTEM-20 a Kalifoniya. Ku duba da kyau: masu karɓar saƙon masana kwamfuta ne, kayan ya shafi aikinsu, babu ƙarya a ciki. Duk da haka aka yi masa ca, saboda babu wanda ya nemi saƙon, kuma hanyar sadarwar ta gwamnati ce da aka gina don bincike.

Sai 12 ga Afrilun 1994, lauyoyin nan biyu na birnin Finiks, Laurence Canter da Martha Siegel, suka watsa tallar cike takardun cacar katin zama a Amurka zuwa zauruka sama da 5,000 na Usenet, tsohon dandalin tattaunawa na intanet, da ɗan gajeren kod. Daga nan masu kula da Usenet suka shiga neman ma'aunin da ba ya dogara da son rai, kuma wanda ya samu karɓuwa shi ne na Seth Breidbart. Ga yadda ake lissafinsa. Kowane kwafi na saƙo, a duba zauruka nawa aka haɗa shi da su, a nemo lambar da in an ninka ta da kanta za ta ba da wannan adadin. Sai a tara sakamakon duk kwafin. Kwafi ɗaya da aka haɗa da zauruka 16 makinsa 4 ne. Amma in ka tura saƙon nan daban-daban sau 16, makinsa 16. Idan jimlar ta kai 20 cikin kwana 45, an halasta soke saƙon.

Dalilin rangwamen shi ne kwafi ɗaya sau ɗaya ake ajiye shi a kan saba, kuma manhajar karatu tana sanya masa alamar "an karanta" a duk sauran zaurukan. Abin lura shi ne ma'aunin ko kallon abin da saƙon ya ƙunsa ba ya yi. Wa'azi ne, talla ce, neman taimako ne, duk ɗaya. Maimaici ake aunawa.

Garba: Allah ya ƙara sani Malam. Kuma a Telegram da WhatsApp wancan rangwamen babu shi sam, domin kowace turawa kwafi ne mai zaman kansa. Masu rubuta manhaja da ke jin Hausa ba wani yawa ne da mu ba, kusan mutane ɗaya ne a zauren Python da na JavaScript da na Flutter da na neman aiki. Kamfani yana ganin sau ɗaya ya tura a kowane zaure, amma mutum ɗaya ya gani sau shida, kuma sau shida wayarsa ta sauke hoton da datarsa.

Usaini: Amma Malam Nuhu, ma'aunin naka ya wanke wanda ya turo talla sau ɗaya tak a zaure ɗaya, komai rashin dacewarta.

Malam Nuhu: Bai wanke shi ba, ya dai ce laifinsa wani ne daban. Magabata sun raba abu biyu. Akwai ambaliya, wato maimaici, wanda na'ura ke iya ƙirgawa ta soke. Akwai kuma kaucewa manufar zaure, wanda dokar kowane zaure ce ke hukunta shi. RFC 1855 ta 1995, wadda ta tattara ladubban intanet, ta faɗi a fili cewa wasu zauruka suna maraba da talla wasu kuma suna ƙyamarta, don haka ka san inda kake kafin ka yi. Abin da suka yi a aikace shi ne ware wa sanarwa ɗakinta. Ga comp.lang.python don tattaunawa, ga comp.lang.python.announce don sanarwa, kuma na biyun sai mai tacewa ya amince saƙo yake fita. Har yau PostgreSQL, manhajar rumbun bayanai, a kan wannan tsarin yake: akwai pgsql-announce, ana tace abin da ke shiga, kuma a labaransu akwai rukuni na musamman na kayan kamfanoni masu lasisin kuɗi da suka shafi PostgreSQL. Ba su kore su ba, ba su kuma bar su sun shiga ɗakin masu tambayoyi ba.

Inda aka rasa masu tacewa kuwa, mun ga ƙarshensa. A watan Fabrairun 2024 Google Groups ya daina karɓar sababbin saƙonnin Usenet, kuma yawan sifam yana cikin dalilan da ya bayar.

Zulaihat: Bari in faɗa tun farko cewa aikina hulɗa ce da masu rubuta manhaja a madadin wani kamfani, don ku auna maganata da wannan. Akwai bambanci tsakanin saƙon da injiniya ya rubuta da wanda sashen talla ya rubuta, kuma ana gane shi cikin daƙiƙa goma. Sanarwar da ta cancanci zaure irin wannan tana ɗauke da suna da lambar siga, da abin da ya canza a aikace, da abin da zai karye a tsohon kod in an sabunta, da ranar da za a daina tallafa wa tsohuwar sigar. Tana faɗin lasisi. Tana faɗin farashi da lamba, da iyakar abin da ake samu kyauta, misali kira nawa a wata kafin a fara cajin kuɗi. Mahaɗinta yana kai mutum kai tsaye ga takardun bayani ko ma'ajiyar kod, ba shafin da zai ce sai ka ba da imel da lambar waya kafin ka ga komai ba.

Ta sashen talla kuwa hoto ce mai launi, da "mafita ta zamani", da "juyin juya hali", da "tuntuɓe mu don jin farashi". Gwajin da nake ba da shawara mai sauƙi ne: a cire mahaɗin daga saƙon, a sake karantawa. In har mai karatu ya ƙaru da wani abu, labari ne. In babu abin da ya rage sai kirari, a goge.

Malama Rabi: Wannan gwajin yana aiki sosai a lokacin matsalar tsaro. Ku tuna Log4Shell, ramin tsaron da aka gano a laburaren Java mai suna Log4j, a Disambar 2021. Saƙo mai amfani a makon nan shi ne wanda ya ce ramin yana cikin Log4j 2, an fitar da 2.15.0 amma gyaran bai cika ba, a wuce zuwa 2.16.0, daga baya 2.17, kuma a bincika har laburaren da wasu laburare suka jawo ba tare da sanin mutum ba. Kamfanin tsaro da ya rubuta wannan sannan ya ƙara da layi ɗaya cewa yana da manhajar da ke binciko shi, ni ban ga laifinsa ba. Wanda ya rubuto "kana cikin haɗari, yi rajistar taronmu na bidiyo" kuwa tsoron mutane ya mayar jari.

Sadiya: Tambaya Aunty Zulaihat. Wanda aka yi tambaya a zaure, sai ya amsa da cewa kayan kamfaninsu na magance matsalar fa? Ai ba sanarwa ya yi ba, amsa ya bayar.

Zulaihat: A nan ne aka fi yin ɓarna, ƙanwata. Dokar Stack Overflow, shafin tambaya da amsa na masu rubuta manhaja, a kan wannan ita ce mafi dacewa a kwaikwaya: kana iya ambaton kayanka, amma dole ka bayyana alaƙarka da shi a cikin amsar kanta, ba a shafin bayananka kawai ba. Kuma in ya zamana yawancin amsoshinka ambaton kayan naka ne, to ba don taimako ka zo ba. Idan aka tabbatar amsa sifam ce, ana goge ta a kuma zare wa mai ita maki 100. Reddit ma ya daɗe da shawarar nan ta tara da ɗaya, wato a cikin saƙo goma kada naka na kanka ya wuce ɗaya. A Hacker News akwai Show HN don nuna abin da ka gina, da sharaɗin ya zama abin da mutane za su iya gwadawa, ba shafin tara imel ba, kuma an hana roƙon abokai su zo su ɗaga maka shi.

Sannan amsar ta dace da tambayar. In mutum ya ce kod ɗinsa na Laravel yana tura saƙo sau biyu, matsalar wataƙila layin jiran aiki ne ke sake gwadawa saboda lokacin jira ya ƙare kafin amsa ta dawo. Ce masa "ka koma namu" ba amsa ba ce, domin in ya koma ma sau biyun zai tura.

Garba: Akwai salon da ya fi wannan muni, na asusu biyu. Ɗaya ya shigo ya tambaya, "Don Allah wace hidima ce ta fi kyau wajen karɓar kuɗi ta intanet?" Minti uku ɗayan ya amsa da yabo da mahaɗi. Ana kama su da abu uku: ranar shigarsu zaure ɗaya ce ko kusa, babu wanda ya taɓa cewa uffan kafin ranar, kuma mai tambayar ba ya kawo wani bayani na aikinsa, ba harshen da yake rubutu da shi, ba adadin cinikin da yake sa rai. Mai matsala ta gaskiya surutu ne da shi a kan matsalarsa.

Ku kuma riƙa duba wutsiyar mahaɗi. In kun ga utm_source da utm_campaign, sashen talla ne ya shirya shi don ya ƙirga mutum nawa suka latsa daga zauren nan. Wannan shi kaɗai ba laifi ba ne, amma yana ƙaryata mai cewa "kawai na ci karo da shi ne". In kun ga ref= ko aff= da wata lamba, mai turowar yana da kamisho a kan duk wanda ya yi rajista. In gajeren mahaɗi ne, a buga curl -sI da mahaɗin a duba layin Location, zai nuna inda ya nufa ba tare da an buɗe shafin ba. Na bit.ly ma in ka ƙara alamar + a ƙarshensa yana nuna maka.

Usaini: Duk wannan aiki ne a kan masu kula da zaure, kuma ba albashi ake biyan su ba. Hani baki ɗaya layi ɗaya ne, ba ya buƙatar bincike. Ku kuna tsara dokar da sai an ɗauki ma'aikaci.

Malam Nuhu: Ƙorafinka na aiki gaskiya ne Usaini, kuma shi ne hujja mafi ƙarfi a ɓangarenka. Sai dai hani baki ɗaya ba ya rage aikin, sauya masa kama yake yi. Wanda aka hana shigowa da sunan kamfaninsa zai dawo da sunan ɗalibi mai neman shawara, irin wanda Garba ya kwatanta. Mai gaskiya ya tafi, maƙaryaci ya zauna. Gara mai tallan magani da ya tsaya a bakin tasha da lasifikarsa kowa ya san sana'arsa, da wanda ya zauna kusa da kai a mota yana rantse maka cewa maganin ya warkar da kakarsa.

Na biyu, ina layin "kamfani" yake? Terraform kyauta yake da buɗaɗɗen lasisi har Agustan 2023 da HashiCorp ya sauya masa lasisi, aka ɓalle aka yi OpenTofu. Redis ya sauya nasa a Maris na 2024, aka yi Valkey. Docker Desktop kyauta ne ga ɗalibi da ƙaramin kamfani, amma tun 2021 manyan kamfanoni biya suke. React daga Meta ya fito, Flutter na Google ne, TypeScript da VS Code na Microsoft. In an ce ban da sanarwar kamfani, rabin abin da muke tattaunawa ya haramta.

Sadiya: To ɗan zauren nan da ya gina ɗan laburarensa shi kaɗai, kyauta, ya riƙa turo shi kullum fa?

Malam Nuhu: In ya riƙa turowa kullum, shara ce ko da sisi ba ya nema. A Hacktoberfest ta 2020, shirin shekara-shekara na tura gyara ga ayyukan kod masu buɗaɗɗen lasisi, ba kuɗi mutane ke nema ba, riga ce ta kyauta ga wanda ya tura gyara huɗu, amma sai da masu kula da ma'ajiyoyin kod suka rasa inda za su sa kansu da gyare-gyaren banza, har DigitalOcean, mai shirya ta, ya sauya dokar cikin 'yan kwanaki, ya zama sai ma'ajiyar da ta nuna tana so. Haka a Agustan 2019 da Standard, manhajar duba salon JavaScript, ta fara nuna tallar masu ɗaukar nauyi a baƙin allo lokacin girkawa. Niyyar samar wa masu aikin kyauta abin sakawa a baki ce, niyya mai kyau, amma wurin bai dace ba. npm, rumbun da ake girka manhajojin JavaScript daga cikinsa, ya hana, daga baya ya kawo umarnin npm fund, wanda sai ka buga shi da kanka kake ganin masu neman tallafi. Saƙon bai canza ba, an dai mayar da shi inda mai so ne kaɗai zai gani.

Injiniya Bashir: Ina bin ku. Garba, ta fuskar na'ura me za a iya yi don kada aikin ya faɗa kan mutum biyu?

Garba: Da yawa, Injiniya. Na farko a kunna tsarin maudu'ai na Telegram, a ware ɗaki ɗaya na sanarwa. Wanda ba ya so ya kashe ƙararrawarsa, shi ke nan. Na biyu sabon shiga kada ya iya tura mahaɗi sai ya cika wasu kwanaki, ni zan ce bakwai, kuma ya yi magana ta gaske ko da sau biyar ce. Ba sabon tunani ba ne, haka Discourse, manhajar gina zauren tattaunawa, yake zuwa tun daga girkawa: sabon asusu mahaɗi biyu kawai yake iya sawa a saƙo, kuma ba ya hawa mataki na gaba sai ya shiga maudu'i 5, ya karanta saƙo 30, ya yi minti 10 yana karatu. Mai harbi ya gudu ba ya da wannan haƙurin.

Inda bot ɗin da mutane ke rubutawa, wato manhajar da ke tace saƙonni da kanta, yake faɗuwa wuri uku ne. Yawanci suna neman "http" a cikin rubutu, alhali Telegram yana ba da damar ɓoye mahaɗi a ƙarƙashin kalma, wanda a API yake zuwa da nau'in text_link ba url ba, don haka sai an duba entities. Sannan mahaɗin da ke ƙasan hoto a caption_entities yake, ba a inda na rubutu yake ba. Na uku shi ne gyara: mutum ya turo "sannunku da aiki", bot ya bar shi, bayan minti goma ya gyara saƙon ya cusa mahaɗi. In bot ɗin ba ya sauraron edited_message, ya wuce. A kuma tuna dole bot ya zama cikin masu kula da zaure da izinin gogewa, kuma saƙon da ya wuce awa 48 ba ya goguwa ta hannunsa.

Don kama maimaici, a mayar da rubutun ƙananan baƙaƙe, a cire alamomi da wutsiyar mahaɗi, a ɗauki hash ɗinsa, wato gajeriyar lambar shaidarsa, a ajiye na kwana 45 ɗin Malam Nuhu. In masu kula da zauruka uku ko huɗu suka yarda su haɗa wannan rumbun, ambaliya ta ƙare. Abin da ba na ba da shawara shi ne jinkirta saƙo ga kowa. Telegram yana da shi daga daƙiƙa 10 har awa ɗaya, amma mai talla saƙo ɗaya yake buƙata, wanda ake taimaka wa da gyaran kod kuwa yana buƙatar ashirin. Mai gaskiya kawai yake hukuntawa.

Malama Rabi: Kada a manta da abin da ya fi sanarwar cikin zaure ciwo, wato bin mutane ta akwatin sirri. A WhatsApp lambar kowa a fili take ga 'yan zaure, sai wakilin kamfani ya shigo shiru ya kwashe lambobi, gobe kowa ya tashi da "Barka da safiya yallaɓai, mun ga kana harkar manhaja". Wannan babu gardama a kansa. Dokar kare bayanan sirri ta Najeriya ta 2023 ta ba mutum haƙƙin ƙin a yi amfani da bayanansa wajen tallar kai tsaye, kuma akwai hukumar da ake kai wa ƙara. Lambar 2442 ta hukumar sadarwa NCC da ake tura wa STOP saƙon tes na layin waya take tsayarwa, ba ta da iko da WhatsApp ko Telegram. A Telegram zauren da ya kai mutum 100 ana iya ɓoye jerin mambobinsa. A ɓoye namu yau.

Usaini: Tunda kin kawo doka, wani wakili zai ce maka saƙonsa bai saɓa wa doka ba, don haka ba sifam ba ne.

Malama Rabi: Sai a ce masa ya haɗa abu biyu da ba su haɗu ba. CAN-SPAM ta Amurka ta 2003 imel ta shafa, kuma ko can ba ta hana aika talla ga wanda bai nema ba. Ta dai ce kada a yi ƙarya a kan wanda ya aiko ko a taken saƙo, a sa adireshin gidan waya, a ba da hanyar ficewa kuma a cika ta cikin kwanakin aiki 10. Saƙo yana iya cika duk wannan ya kuma zama shara a zaure. Dokar ƙasa tana faɗin abin da za a ci ka tara a kansa, dokar zaure tana faɗin abin da za a zauna da kai a kansa.

Zulaihat: Sharaɗi ɗaya nake so a ƙara, duk da cewa a kanmu zai faɗa. Wanda ya yi sanarwa ya zauna ya amsa tambayoyi, kuma ba a goge suka. In aka tambaye shi ko hidimar tana karɓar katin naira, ko me ke faruwa da bayanan mutum in ya daina biya, ko akwai hanyar kwashe bayanai a koma wani wuri, ya amsa cikin kwana biyu ko ya ce bai sani ba zai tambayo. Kamfanin da ya aiko wanda ba zai iya amsa tambayar fasaha ba, allon talla ya ɗauki zauren. In ya yi shiru, a cire sanarwar kuma kada a karɓi ta gaba.

Injiniya Bashir: To ga daftarin da na fitar, ku gyara. Sanarwar kaya, na kuɗi ne ko na kyauta, a ɗakin sanarwa kawai take, sau ɗaya a wata ga kowane kamfani ko aiki. Layin farko ya faɗi alaƙar mai turowa da kayan. Rubutu ne ba hoto ba, da siga da farashi da lasisi. Ban da gajeren mahaɗi da mahaɗin kamisho. A ɗakin tambayoyi ana iya ambaton kayan kai in ya amsa tambayar, tare da bayyana alaƙa. Ɓoye alaƙa, asusu biyu, da bin mutane ta akwatin sirri, kora ce ba gargaɗi. Saura kuwa gargaɗi ɗaya, sai rufe baki na mako, sai kora.

Usaini: Ni har yanzu ina ganin ɗakin zai zama juji cikin wata uku, amma a gwada. Sharaɗina a sa ranar dubawa. In bayan kwana 90 masu kula da zaure suka ce aikin ya fi ƙarfinsu, a rufe shi ba sai an sake wata muhawara ba. Kuma tallar kwas, irin "ka zama gwanin kod cikin sati biyu", da tallar kuɗin kirifto, kada su fake da wannan dokar. Ba kayan aikin mai rubuta manhaja ba ne.

Injiniya Bashir: Na karɓi duka biyun. Kwas sai wanda ya kawo jadawalin darussa a rubuce, da sunan mai koyarwa, da kuɗin a fili. Tallar aiki za mu yi mata zama na dabam.

Sadiya: Saura abu ɗaya Injiniya. In kamfani ya riga ya yi sanarwarsa ta wata, sai aka gano rami na tsaro a kayansa bayan kwana biyu, zai jira wata mai zuwa ke nan?

Malama Rabi: A'a, a cire wannan daga ƙidaya. Gargaɗin tsaro, da sanarwar rufe hidima, da sauyin da zai karya kod ɗin mutane, su fita a babban ɗaki nan take, a kuma maƙala su a sama. Sharaɗin kawai su ƙunshi sigar da abin ya shafa, da sigar da aka gyara, da abin da mutum zai yi kafin ya samu damar sabuntawa. In akwai lambar CVE, wato lambar rajistar ramin tsaron, a sa ta. Duk wanda ya liƙa ragin farashi a ƙasan irin wannan saƙon, a goge a ce ya sake turowa babu shi.

Garba: Zan sa wa bot ɗin alamar #tsaro don ya tsallake ƙidayar wata, amma saƙon zai tsaya sai ɗaya daga cikin masu kula da zaure ya latsa amincewa, in ba haka ba kowa zai riƙa manna alamar. Ina buƙatar mutum biyu da za su karɓi wannan layin, ɗaya da rana ɗaya da dare. Injiniya, ka ba bot ɗin izinin gogewa da na maƙala saƙo, zuwa Asabar in sha Allahu zan ɗora shi a zauren gwaji tukuna.